Tiger, T-34 Ko Sherman: A Cikin Wacce Za Ka Yarda A Rufe Ka?

Yau zan ɗan kauce daga zancen kasuwa da zaman Kurmi, in taɓo wani musu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a tsakanin matasa masu son finafinan yaƙi da wasannin kwamfuta, wato musun wace tankar yaƙi ce ta fi kowacce a Yaƙin Duniya na Biyu. Duk inda aka buɗe wannan zance, kafin a yi nisa za ka ji an ce Tiger ta Jamus, an rufe bakin kowa da kaurin ƙarfenta da girman igwarta. Wasu 'yan kaɗan su ce T-34 ta Rasha. Ita kuwa Sherman ta Amurka, abin dariya aka mai da ta, wai gwangwani ce mai kamawa da wuta.

Ni ra'ayina ya saɓa. A ganina ana auna waɗannan tankoki ne da idon ɗan kallo, wanda ke tsaye a waje yana sha'awar ƙarfe. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Idan aka auna su da idon samarin da aka rufe a ciki, waɗanda akasarinsu ba su wuce shekaruna ba, to Sherman ɗin nan da ake rainawa ita ce ta fi cancantar yabo. Ku biyo ni ku ji dalili.

Yadda Abin Ya Faro

Turawan Ingila ne suka fara shigar da tanka fagen fama, ranar 15 ga Satumba, 1916, a yankin Somme na ƙasar Faransa, lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Sunanta Mark I. Shi kansa sunan tanka dabara ce ta ɓad da sawu, don magabta su ɗauka tankunan ruwa ake ƙerawa. Mutum takwas ake zubawa a cikinta, kuma ɗaki ɗaya suke kwana da inji, babu ko bango a tsakaninsu. Zafin ciki kan kai digiri 50, ga hayaƙin inji da na albarushi, har wasu kan suma. Ƙara kuwa ba a magana, domin mutum huɗu ne ke haɗuwa su tuƙa ta, kuma in direba na son a canza giya sai dai ya buga ƙarfe ya yi nuni da yatsu. Ba ta da abin da ke rage girgiza, duk ramin da ta faɗa jikin mutum ne zai sha. In harsashi ya bugi jikinta, ɓarɓashin ƙarfe mai zafi ke fantsama a ciki, shi ya sa aka riƙa ba su abin rufe fuska na fata da 'yan sarƙoƙi. Saƙo kuma tattabara ake ɗaura wa a sake ta ta wata 'yar kafa. Duk wannan wahala a kan abin da gudunsa bai wuce kilomita 6 a awa ba.

Na kawo wannan ne don mai karatu ya ga cewa tun ranar farko, babban abokin gabar ɗan tanka ba a waje kaɗai yake ba. Akwai zafi, akwai duhu, akwai hayaƙi, akwai kuma fargabar wuta a wurin da ƙofarsa ƙarama ce. Saboda haka tambayoyin da zan yi wa kowace tanka guda huɗu ne: Shin na ciki yana ganin waje? Yana iya magana da 'yan uwansa? In ta lalace tana gyaruwa? In ta kama da wuta yana iya fita?

T-34: Ƙarfe Mai Kyau, Ɗaki Mai Wuya

Babu mai musun cewa T-34 ta girgiza Jamusawa lokacin da suka afka wa Tarayyar Sobiyet a watan Yunin 1941. An fara ƙera ta a 1940 a birnin Kharkov, ƙarƙashin injiniya Mikhail Koshkin, wanda ciwon huhu ya kashe a wannan shekarar bayan ya raka ta tafiyar gwaji zuwa Mosko cikin sanyi. Gabanta a karkace yake, don haka harsashi kan zame maimakon ya huda. Sarƙar ƙafarta mai faɗi ce, tana ratsa taɓo da ƙanƙara inda tankokin Jamus ke kafewa. Injinta na man gas ne, igwarta mai bakin milimita 76. A takarda dai, ba ta da na biyu a wancan lokaci.

To amma mu leƙa ciki. Mutum huɗu ne, kuma biyu kacal ke cikin kan tankar, wato akwatin nan na sama mai juyawa da ke ɗauke da igwa. Ma'anar wannan ita ce kwamanda shi ne kuma maharbi. Idonsa na kan saiti, ba ya ganin abin da ke zuwa ta gefe, alhali a tankokin Jamus akwai mutum guda da aikinsa kawai ya duba ya ba da umarni. Madubin leƙen waje ba shi da kyau. A farkon yaƙin yawancinsu ba su da oba-oba, sai tankar shugaban ayari, sauran kuwa tuta ake ɗaga musu. Ka yi tunanin a ce ana ruwan wuta sannan ka fito da kai kana neman tuta. Kwamanda kan taka kafaɗar direba da takalminsa, dama ko hagu, don ya nuna masa inda zai juya. Giyarta ta yi tauri har wasu direbobi na ajiye guduma a gefe, wani lokaci na kusa da shi ya sa hannu su ja tare. Mai ɗura harsashi kuwa a kan akwatunan harsashi yake tsaye, kan tankar na juyawa shi yana bin sa da ƙafa. Sannan tankunan mai suna jikin bangon ɗakin da mutanen ke zaune.

An gyara da yawa daga cikin waɗannan a 1944, da aka fito da T-34-85 mai mutum biyar da babban kai da igwa mai milimita 85. Amma kafin nan an yi asarar rayuka ba kaɗan ba. An ƙera T-34 sama da dubu 57 kafin ƙarshen 1945, an kuma rasa sama da dubu 40 a fagen fama.

Adalci shi ne a faɗi halin da Rashawa ke ciki. An ci da yawa daga cikin masana'antunsu, sun kwashe injina a jirgin ƙasa zuwa tsaunukan Ural, suna aiki cikin sanyi da yunwa, mata da yara a bakin inji. Wanda gidansa ke ci da wuta ba ya zaɓen guga. Jaruntakar mutanen kuwa ba abin wasa ba ce. Akwai wata mata, Mariya Oktyabrskaya, da ta sayar da abin da ta mallaka bayan an kashe mijinta, ta ba da kuɗin a ƙera T-34, ta kuma nemi ita za ta tuƙa. A watan Janairun 1944 ta fito tana gyaran sarƙar tankarta ana tsakiyar harbi, ɓarɓashi ya same ta a ka, ta rasu a watan Maris. Ina jinjina wa irin waɗannan mutane. Sai dai jaruntakar direba ba ta zama shaidar kyawun mota.

Tiger: Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai

Yanzu ga gwanar jama'a. Tiger ta fara fita a 1942 a kusa da Leningrad. Nauyinta ya haura tan 50, kaurin gabanta milimita 100, igwarta mai milimita 88 na iya fasa tankar abokan gaba daga nisan da ya wuce kilomita ɗaya, tun kafin su iya yi mata komai. Ba zan ɓoye ba, a cikinta akwai daɗin aiki. Mutum biyar ne kowa da aikinsa, akwai oba-oba, madubin saitinta na da kyau ƙwarai, kuma sitiyari gare ta kamar mota, mai laushin juyawa. Idan aka ce ga fili fetal, Tiger ɗaya da Sherman ɗaya su fuskanci juna, ni ma na san inda zan sa kuɗina.

To amma yaƙi ba dambe ba ne da ake share fili a buga ganga. Kafin tanka ta yi harbi, sai ta isa wurin tukuna, kuma a nan ne asirin Tiger ke tonuwa. Gadoji da yawa ba sa ɗaukar ta. Faɗinta ya wuce na taragon jirgin ƙasa, don haka duk lokacin da za a yi tafiya sai mutanenta sun cire sarƙar yaƙi da ƙafafun waje, sun sa wata siririyar sarƙa, in an isa kuma a mayar. Ƙafafunta a sarƙe suke cikin juna, in na ciki ya lalace sai an kwance da yawa na waje kafin a kai gare shi, kuma a sanyin Rasha taɓo kan daskare a tsakaninsu cikin dare, gari ya waye ta kasa motsi. In giyabos ya mutu, sai an kawo injin ɗaga kaya an cire kan tankar ɗungurungum. In ta kafe, sai an haɗa manyan motocin ja biyu ko uku. Ga shan mai kamar rariya, a ƙasar da fetur ke mata wuya. Shi ya sa da yawa daga cikin Tiger ɗin da Jamus ta rasa, masu su ne suka fasa su da hannunsu saboda lalacewa ko ƙarewar mai, suka kama hanya a ƙafa.

Duk ɗan da ya tashi a gidan fatauci ya san wannan lissafi. Motar da za ta kwana uku a gefen hanya da lodin tumatir tana jiran wani ƙarfe da babu shi a kasuwa, komai kyanta da ƙarfin injinta, asara ce. Mai kaya ya fi son wadda kowane bakanike ya san cikinta. Tsawon shekara biyu Jamus ta ƙera Tiger kimanin 1,350 kacal. Ƙanwarta Panther ma da aka yi gaggawar kai ta yaƙin Kursk a watan Yulin 1943, kimanin 200 aka tura, biyu suka kama da wuta tun ana sauke su daga jirgi, kuma cikin 'yan kwanaki waɗanda ke iya tafiya ba su fi 40 ba.

Kaurin ƙarfen ma bai hana mutuwa ba. Michael Wittmann, kwamandan Tiger da farfagandar Hitila ta fi kambamawa, wanda ya yi wa Turawan Ingila ɓarna a Villers-Bocage ranar 13 ga Yuni, 1944, bai cika wata biyu ba bayan haka. Ranar 8 ga Agusta aka huda Tiger ɗinsa, harsasan ciki suka tashi, kan tankar ya yi sama, babu wanda ya fita. Tankokin Sherman ne ke gabansa a ranar.

Sherman: Wadda Aka Raina

Masu ƙera Sherman sun fara ne da tambayar da ɗan kasuwa zai fara yi: yaya kayan nan za su isa inda ake bukatarsu? Tsakanin Amurka da fagen fama akwai teku. Dole tankar ta zama wadda injin tashar jirgin ruwa zai iya ɗagawa, wadda gadar wucin gadi za ta iya ɗauka, kuma wadda ba za a ce a mayar da ita masana'anta in ta lalace ba. Shi ya sa aka tsayar da nauyinta a wajen tan 30. Kamfanonin mota da na jirgin ƙasa irin su Chrysler da Ford ne suka ƙera ta, guda 49,234 tsakanin 1942 da 1945, kuma kayan gyaranta na shiga daidai ba sai an yi ta goge-goge ba. Giyabos ɗinta a gaba yake, da kusoshi aka ɗaure murfinsa, a kwance a zaro a sa wani a filin daga. Ta fara yaƙi a hannun sojan Ingila a El Alamein ta ƙasar Masar a watan Oktoban 1942, ta yi hamada, ta yi ƙanƙarar Rasha, ta yi dazukan Bama da tsibiran tekun Pasifik.

A ciki mutum biyar ne, kowa da kujerarsa da aikinsa. Kwamanda dubawa kawai yake yi, maharbi na da madubin da yake ganin fili da shi kafin ya koma kan saiti, kan tankar na juyawa da sauri, kowace tanka na da oba-oba, kuma mutanen ciki na magana da juna ta waya a kunne. A yaƙin tanka galibi wanda ya fara gani ya fara harbi shi ke tashi da rai. An ga haka a Arracourt ta Faransa a watan Satumban 1944, inda ƙwararrun 'yan Sherman suka yi kaca-kaca da sababbin Panther da ke hannun yaran da ba su gama koyo ba.

Sai batun wuta, wanda shi ne babban abin da ake jifan ta da shi. Gaskiya ne samfurin farko na saurin kamawa, amma da aka bincika sai aka ga ba fetur ne babban mai laifi ba, harsasan da aka jera a gefen bango ne, daidai inda aka fi harbi. Daga 1944 sai aka sauko da su ƙasan tankar, cikin akwatunan da ruwa ya kewaye. Binciken sojan Amurka na 1945 ya nuna cewa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na irin waɗannan ne ke kamawa in an huda su, maimakon kashi 60 zuwa 80 na da. Abin da ya fi burge ni ke nan: an ga abin da ke kashe yaran mutane, aka zauna aka gyara. Haka aka ƙara wa mai ɗura harsashi ƙofarsa ta kansa, bayan an ga yana maƙalewa yana jiran wasu su fita. Direba da mataimakinsa kowa da ƙofa a saman kansa, akwai kuma wata a ƙasa ta gudun tsira. A matsakaicin lissafi, in aka kashe Sherman, wajen mutum huɗu cikin biyar kan fita da ransu. Wanda ya fita kuwa gobe zai hau wata, da wayon da ya ƙaru da shi jiya.

Shaidar da ta fi ƙarfi a wurina daga Rashawa ta fito. Amurka ta aika musu Sherman sama da dubu huɗu, kuma Dmitry Loza, wani hafsan tanka da ya yi yaƙi a cikinta har ya samu lambar jarumta mafi girma ta ƙasarsu, ya yaba ta a tarihin da ya bayar. Ya ambaci aibinta, cewa tsayinta ya yi yawa har takan kife a gangare. Amma ya yabi sauƙin zamanta da ɗan ƙaramin janaretan da ke cajin batir ba sai an tada babban inji ba. Har ya ba da labarin cewa in aka bar ta ba mai gadi, sojan ƙasa kan yanke shimfiɗar kujerunta su ɗinka takalma.

Na san abin da masu Tiger za su ce. Za su ce igwar Sherman mai milimita 75 ba ta huda gaban Tiger ko Panther, kuma haka ne. Amurkawa sun yi jinkirin sa babbar igwa, Turawan Ingila ma sai da suka cusa tasu a ciki suka kira ta Firefly, kuma samari sun mutu saboda wannan jinkiri. Za su kuma kawo littafin Death Traps na Belton Cooper da ya fito a 1998, wanda shi ya fi ɓata mata suna. To amma Cooper hafsan sashen gyara ne, aikinsa shi ne tattaro tankokin da aka kashe, waɗanda ake wanke jinin ciki a sake fenti a miƙa wa wasu. Wanda kullum gawa yake gani, dole ya ɗauka kowa mutuwa yake yi. Bayan haka, yawancin ranakun ɗan tanka ba da wata tanka yake faɗa ba. Igwar da aka ɓoye a cikin shinge, da nakiyar da aka binne, da sojan ƙasa mai roka a kafaɗa, su ne suka fi cin tankoki, kuma mai kai hari kullum shi ya fi mai kwanton ɓauna asara, ko a cikin me yake.

Kammalawa

Rayuwar cikin tanka, kowace iri ce, ba abin sha'awa ba ce kamar yadda fim ke nunawa. Mutum kan wuni a rufe cikin warin mai da gumi, ya yi fitsari a kwanson harsashi ya jefar ta ƙofa, dare ya yi kuma maimakon barci ya kama ɗaure sarƙa da ɗura mai da jidar harsashi. Kwamandan da ya fito da kai don ya ga hanya, shi maharbin ɓoye ke fara nema. Turawan Ingila sun fahimci wannan har suka sa tukunyar dafa shayi mai aiki da lantarki a cikin tankarsu Centurion bayan yaƙin, don kada soja ya fito waje hura wuta a harbe shi.

Darasin bai tsufa ba. A 2022 duniya ta ga hotunan tankokin T-72 a Yukren, kawunansu a yashe can gefe, saboda harsasansu a jere suke ƙarƙashin mazaunin mutanen. Mu ma nan sojanmu sun yi aiki da Vickers ta Ingila, da T-55 da T-72 ƙirar Sobiyet, sannan a 2020 aka kawo VT-4 daga Sin, kowacce da irin kayan gyaranta da irin bakanikenta. Duk ranar da aka nuna mana sababbin tankoki a talabijin ana fareti, kafin mu tafa ya kamata mu tambaya ko an sayo kayan gyara, ko an horar da masu gyaran, ko kuma yaron da ke ciki zai iya fita in ta kama. Domin wanda ke cikin nan ɗan wani ne, wataƙila ma ɗan unguwarku.

Saboda haka ni dai in aka jera min ukun nan aka ce in zaɓi wadda za a rufe ni a ciki shekara guda, Sherman zan shiga. Mai son ganin Tiger tana tafiya, akwai guda ɗaya tak da ta rage mai tashi, wadda aka kama a Tunisiya a watan Afrilun 1943, tana gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila, ita ce ma aka sa a fim ɗin Fury na 2014. Can ne ya dace da ita, inda akwai rumfa da bakanike a kusa. Masu Tiger, na san ba za ku bar ni haka ba, ina sauraron hujjojinku. Sai mun sake haɗuwa.